Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Darussa daga Fagagen Fama Huɗu

[Taken shiri]

   

Yau a filinmu na tarihi fagen fama za mu shiga. Yaƙe-yaƙe huɗu na ɗauko muku, dukansu a nahiyarmu ta Afirka, kuma tsakanin na farko da na ƙarshe shekara 312 ce: Tondibi, da Tabkin Kwatto, da Adwa, sai kuma faɗuwar Kano da Sakkwato a hannun Turawa.

Yawancinmu daga bakin makaɗa da maroƙa muka fara jin labarin yaƙi, su kuwa jarumta suke wasawa: wane ya tsaga runduna shi kaɗai, wane ya rantse ba zai ba da baya ba. Mazan sun cancanci kirarinsu. Sai dai wanda ya bi labaran nan a tsanake zai ga cewa a duk yaƙin nan huɗu babu ɓangaren da ya rasa jarumai. Waɗanda aka ci ɗin ma da raunukansu a ƙirji aka binne su. Abin da ya raba mai nasara da wanda aka karya, an riga an gama shi tun kafin a buga tambari: wane makami ka tanada, kan mutanenka a haɗe yake ko a rabe, kuma me ka sani game da wanda zai zo maka. Ku gyara zama, mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

[Kiɗan tambari]

Mu fara da yamma, bakin kogin Kwara, a ƙasar Mali ta yau. A ƙarni na 16 babu daular da ta kai Songhai faɗi a Afirka ta Yamma. Gao ce fadarta, Tumbutu garin malamanta, Jenne kasuwarta. Zinariya na haurowa daga kudu, gishiri na gangarowa daga Tagaza a tsakiyar Sahara, kuma wanda ya riƙe hanyoyin nan biyu ya riƙe arzikin yankin. Mu ma a ƙasar Hausa mun ɗanɗana ƙarfinta, domin Kanta na Kabi sai da ya yi mata tawaye, ya kewaye Surame da ganuwa, sannan ya tsaya da ƙafafunsa.

A ƙetaren hamada kuma akwai Sarkin Maroko, Ahmad al-Mansur. A 1578 ya hau gado, a ranar da rundunar Maroko ta murƙushe ta Fotugal, har Sarki Sebastiyan ya mutu a fagen daga. Mutum ne da ya ga aikin bindiga da igwa da idonsa. Yana da soja mai cin kuɗi, saboda haka idonsa na kan zinariyar kudu. Ya aika wa Sarkin Songhai, Askiya Ishaƙa na biyu, cewa ya riƙa biyan harajin gishirin Tagaza. Askiya ya ƙi, aka ce ma mashi ya aika masa a madadin amsa.

A ƙarshen 1590 wata runduna ta tashi daga Marakesh, mutum wajen 4,000, fiye da rabinsu 'yan bindiga, da dubban raƙuma ɗauke da ruwa da albarushi da guzuri. Jagoransu Judar Basha, haifaffen ƙasar Sifen, wanda aka kamo shi yana yaro ya tashi a fadar sarki. Wata huɗu suna ratsa Sahara, ƙishirwa da wahala suka cinye da yawa daga cikinsu. Da suka iso bakin kogi a jigace suke.

A nan ne, masu sauraro, kuskuren farko ya auku. Ba a cike rijiyoyin hanya ba, babu wanda ya tare su suna fitowa daga rairayi a galabaice. Fadar Gao ta saba da cewa hamada ita ce ganuwarta. Ga kuma ciwon da ke cikin gida: tun rasuwar Askiya Dauda 'ya'yansa ke ja-in-ja a kan sarauta, kuma a 1588 Balama Sadiƙ ya yi tawaye da goyon bayan yammacin daular. Ishaƙa ya ci shi, amma da ya gama hukunta masu hannu a ciki, ƙwararrun shugabannin yaƙi da yawa sun tafi.

Ranar 13 ga Maris 1591 aka ja daga a Tondibi, arewa da Gao. Marubutan tarihin Tumbutu sun saɓa kan adadin rundunar Askiya, amma kowane lissafi ka ɗauka ta kusa 30,000 ko ta haura, barade da dakaru. Dabarar da suka zo da ita ita ce su koro garken shanu wajen 1,000 su afka wa sahun Marokawa, su kuma suna biye cikin ƙura. Da igwa ta yi tsawa, bindigogi suka amsa, shanun da ba su taɓa jin irin wannan ƙara ba suka juyo suka tattake masu su. Barade suka yi sukuwa, harsashi ya tare su tun mashi bai kai ga kowa ba. Askiya ya janye. Wasu dakarunsa kuwa suka shimfiɗa garkuwoyinsu a ƙasa, suka zauna a kai, suka ƙi gudu, har aka kashe su a inda suke. Wa zai ce waɗannan ba maza ba ne?

Kada kuma a ce bindiga baƙuwa ce a yankin a lokacin. A daidai wannan zamani, Mai Idris Aloma na Borno yana da rukunin 'yan bindiga waɗanda Turkawa suka horar. Abin da Borno ta gani ta nema, Songhai ta gani ta raina. Sakamakon ya faɗa kan kowa: aka washe Gao da Tumbutu da Jenne, kuma a 1594 aka tafi da babban malami Ahmad Baba zuwa Marakesh a ɗaure, aka yi awon gaba da littattafansa. Askiya Nuhu ya ci gaba da sari-ka-noƙe a ƙasar Dandi, amma daular ba ta sake tashi ba.

[Kiɗan kakaki]

Wani zai ce, to ai magana ta ƙare, mai makami mafi ƙarfi shi ke ci. Ku biyo ni gida ku ji akasin haka.

A watan Fabrairun 1804, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bar Degel ya yi hijira zuwa Gudu, a arewa maso yammacin jihar Sakkwato ta yau, bayan dangantaka ta lalace tsakaninsa da Sarkin Gobir Yunfa. Gobir kuwa ba kanwar lasa ba ce. Ƙasar Bawa Jan Gwarzo ce, gidan yaƙi, wadda maƙwabtanta suka san zafin takobinta. A watan Yunin shekarar Yunfa ya fito daga Alƙalawa da kansa, da barade masu sulke da 'yan lifidi, da mayaƙan Azbinawa, da guzuri mai yawa. Ya zagayo don ya datse wa jama'ar Shehu hanyar tsira.

Su kuma fa? Dawakinsu duka ba su wuce 20 ba. Mafi yawansu 'yan baka ne, makiyaya da manoma da almajirai, Fulani da Hausawa da wasu Azbinawa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ne ya jagorance su, Muhammadu Bello na cikinsu, kuma daga rubuce-rubucensu biyu ne muka sami yawancin labarin ranar.

A bakin Tabkin Kwatto aka haɗu. Doki mai lifidi fili yake so, inda zai miƙe ya yi gudu ya banke sahu. Wurin kuwa ga ruwa ga itatuwa. Baraden Gobir suka danno, suka tura ɓangaren dama da na hagu na jama'a har suka cure da na tsakiya. A ƙa'ida wannan ita ce alamar karyewa, domin da zarar dakaru sun ga doki a kansu, kowa kan yi ta kansa, barade kuma su bi su suna sara. Waɗannan ba su watse ba. Curewar da suka yi ta zame musu katanga, kibau suka riƙa fita daga wuri guda kamar ruwan sama, dawaki na faɗuwa, masu lifidi da suka faɗo nauyin kaya ya hana su tashi. Rundunar Gobir ta karye, Yunfa ya sha da ƙyar, ya bar dawaki da kayan yaƙi a fili.

Me ya hana su watsewa? Shekara 30 Shehu ya yi yana yawon wa'azi da karantarwa a Gobir da Zamfara da Kabi. Mutanen da suka tsaya a bakin tabkin nan sun san juna a zauren karatu, sun san dalilin da ya kawo su, sun yarda da wanda ke gabansu. A ɗaya gefen kuma akwai talakawan da haraji da yaƙe-yaƙen da ba sa ƙarewa suka gajiyar. Wannan shiri ne, ko da yake ba a maƙera aka yi shi ba.

Amma ku lura da abin da ya biyo baya, domin nan ne mutane kan tsallake. Kafin shekarar ta ƙare, a Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa, Gobirawa da Azbinawa suka auka wa jama'a a lokacin da yunwa da cuta suka raunana su, wasu kuma sun bazu neman abinci. Aka kashe wajen mutum 2,000, cikinsu har da mahaddata Alƙur'ani kimanin 200. A 1805 aka sake karya su a Alwasa, bayan shugabanni sun saɓa kan shawara, sai a Gwandu suka tsaya suka kare kansu. Mutanen nan dai su ne na Tabkin Kwatto, imaninsu bai ragu ba. Guzuri ne ya yanke, tsari ya kwance. Sai da suka gyara, suka tara dawaki, suka koyi yadda ake tsare gari mai ganuwa, sannan Alƙalawa ta faɗi a 1808, Yunfa ya mutu yana faɗa a cikin birninsa. Daga baya Muhammadu Bello ya kafa ribaɗoɗi a bakin iyaka, irin su Wurno, domin ya gane cewa abin da aka samu da kibiya, sai da tsari ake riƙe shi.

[Ɗan gajeren hutu]

Barkanmu da dawowa. Ga wanda ya kamo mu yanzu, tarihin yaƙe-yaƙe muke bi, muna duba abin da ke sa a ci da abin da ke sa a sha kashi. Yanzu sai gabas, ƙasar Habasha.

A 1889 Sarki Menelik na biyu ya ƙulla yarjejeniya da Italiya a garin Wucale. An rubuta ta da harsuna biyu. A kwafin Amharik, sashe na 17 ya ce Menelik na iya bi ta hannun Italiya wajen hulɗa da sauran ƙasashen Turai in ya ga dama. A kwafin Italiyanci kuwa aka mai da shi wajibi, wato Habasha ta zama 'yar amshin shatan Italiya ke nan. Da Menelik ya gano, ya yi watsi da yarjejeniyar, kuma ya san abin da zai biyo baya.

Ku dubi yadda ya yi amfani da shekarun da suka rage masa. Ƙasarsa tana fitowa ne daga muguwar yunwa, bayan annobar bushiya ta share shanu, annobar da ta iso har ƙasarmu ta ƙarar da garken Fulani. Duk da haka ya riƙa sayen bindigogi na zamani da harsasai da igwa, daga Faransawa, daga Rasha, har daga hannun Italiyawan kansu. Ya sa aka tara hatsi a zango-zango a kan hanyar arewa. Abu mafi wuya kuma, ya jawo manyan hakiman da suka daɗe suna gaba da shi. Ras Mangasha na Tigrai ɗan sarkin da ya gabace shi ne, yana ganin gadon nasa ne. Ras Alula tsohon abokin hamayya ne. Italiya ta yi ta zawarcin irin waɗannan, tana lissafin cewa ranar yaƙi za su juya wa Menelik baya. Da ya yi shelar yaƙi a watan Satumban 1895, sai ga su duka a bayansa, da Ras Makonnen, mahaifin Haile Selassie, da Ras Mika'el da baradensa na Wollo. Mutum wajen 100,000 suka amsa kira, mafi yawansu da bindiga a kafaɗa.

Sai uwargidansa, Sarauniya Taitu. Ta fito da tata rundunar mai dubban mayaƙa. Da aka kewaye sansanin Italiyawa a Makele, ana ta asarar rayuka a jikin katanga, ita ce ta kawo shawarar a tsare maɓuɓɓugar da suke ɗibar ruwa. Ƙishirwa ta yi abin da harsashi ya kasa, suka sallama wurin.

Janar Baratiyeri, shugaban rundunar Italiya, yana da mutum wajen 17,000, Italiyawa da 'yan Eritiriya, a kan tsaunuka masu wuyar hawa. Ya san abincin Menelik na gab da ƙarewa, kuma da ya yi haƙuri ya zauna, wataƙila da rundunar Habasha ta watse da kanta. Amma Firayim Minista Kirispi na can Roma yana aiko masa da saƙon zargi, janar-janar ɗinsa kuma na zuga shi, dukansu sun raina baƙar fata. Sai ya yanke shawarar tafiyar dare, ya kasa rundunarsa huɗu, da taswirar da ba ta dace da ƙasar ba. Kafin gari ya waye, rukunin Janar Albatone ya yi nisa ya bar 'yan'uwansa, daga baya kuma na Janar Dabormida ya ɓace cikin wani kwari.

Safiyar Lahadi, 1 ga Maris 1896, Habashawa suka same su a rarrabe a tsaunukan Adwa, suka bi su rukuni-rukuni. Kafin faɗuwar rana an kashe fiye da 6,000 na ɓangaren Italiya, an kama wajen 3,000. Janar biyu sun mutu, Albatone ya shiga hannu. Habasha ma ta binne dubban 'ya'yanta. Gwamnatin Kirispi ta faɗi, kuma a watan Oktoban shekarar Italiya ta sa hannu a Addis Ababa cewa Habasha ƙasa ce mai cin gashin kanta. A nan an haɗa abin da Songhai ta rasa da abin da jama'ar Shehu suka samu: makami na zamani a hannun mutanen da kansu ke haɗe.

[Kiɗan algaita]

Shekara bakwai bayan Adwa, abin ya zo ƙofarmu. Wannan ɓangare yana da ɗaci, amma wajibi ne mu faɗa wa juna shi yadda yake.

Turawan Ingila ba rana ɗaya suka zo ba. Bida da Ilori sun ji ƙarar bindigarsu tun 1897. Kontagora da Yola suka faɗi a 1901, Bauchi da Zariya suka shiga hannu a 1902. Kowace masarauta ita kaɗai ta fuskance su, babu rundunar haɗin gwiwa da ta taɓa fitowa. Kano ba ta daɗe da fita daga basasar Tukurawa da Yusufawa ba, wadda aka yi daga 1893 zuwa 1895. A ƙarshen shekarun 1890 Kano da Damagaram na gwabzawa da juna, alhali Faransawa na tafe, suka kuwa ci Damagaram a 1899. A Sakkwato kuma Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu a watan Oktoban 1902, Attahiru na ɗaya ya hau gado watanni kaɗan kafin guguwar ta iso.

Don a yi adalci, dole a faɗi wannan: Menelik yana da hanyar da makamai ke iso masa daga bakin teku, mu kuwa Turawa sun riga sun tsare bakin ruwa, kuma tun 1890 suka yi yarjejeniya a Birasels ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani. Amma rarrabuwar kai ba Bature ne ya ɗora mana ita ba.

A ƙarshen Janairun 1903 Kanar Morland ya tashi daga Zariya bisa umarnin Gwamna Lugga. Rundunarsa ba ta kai mutum 1,000 ba, Turawan cikinta 'yan ƙalilan ne, sauran duk 'yan Afirka, da yawansu Hausa suke ji. Suna da igwa huɗu da bindiga mai ruwa huɗu, wato Maxim, mai aman ɗaruruwan harsasai a minti guda. A gabansu ga ganuwar Kano, wadda aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu, kewayenta ya haura mil 10, tsayinta a wasu wurare ya kai ƙafa 30 ko fiye. An gina ta ne don doki da kibiya, kuma ta yi wannan aiki ɗaruruwan shekaru. Ranar 3 ga Fabrairu igwa ta fasa ƙofa, aka shiga gari. Sarkin Kano Alu yana Sakkwato da yawancin baradensa. Sarkin Shanu, wanda aka bar wa tsaron gari, ya mutu yana kare gidan sarki.

A kan hanyar dawowa rundunar Kano ta rabu. Sarki Alu ya yi arewa, daga baya aka kama shi, ya ƙare rayuwarsa a Lakwaja. Wambai Abbas ya koma Kano da wani ɓangare. Waziri Ahmadu kuwa ya ce sai an gwada. A kusa da Kwatarkwashi ya tarar da ƙaramin rukunin soja, ba su kai 50 ba, sun yi sahu mai kusurwa huɗu, kowane gefe bakin bindiga. Baraden Kano suka yi ta kai hari, suna ja da baya suna sake dawowa, har Waziri ya faɗi kusa da sahun. Ku tuna Tabkin Kwatto, masu sauraro. A can 'yan tsirarun da suka cure wuri guda suna harbi ne suka karya barade. Bayan shekara 99, jikokin masu bakan nan su ne a kan dawaki, suna sukuwa zuwa ga sahun da ya ƙi watsewa.

A Sakkwato shawara ta kasu uku: a yi yaƙi, a yi sulhu, ko a yi hijira. Ranar 15 ga Maris aka fito bayan ganuwa aka ja daga a fili, wurin da bindiga mai ruwa ta fi so. Faɗan bai daɗe ba. Wasu bayin Allah suka kewaye tutar Sarkin Musulmi, wannan ya faɗi wancan ya ɗaga, har suka ƙare. Waziri Buhari ya zauna da sauran jama'a ya nemi aminci, don kada gari da addini su salwanta gaba ɗaya. Attahiru kuma ya nufi gabas da niyyar hijira, kuma abin da ya tsorata Turawa shi ne yadda talakawa suka riƙa barin gonakinsu da garuruwansu suna bin sa, dubbai a kan dubbai. A Burmi, cikin jihar Gombe ta yau, an kori harin farko na Turawa a watan Mayu. Ranar 27 ga Yuli suka dawo da ƙarfi. Aka wuni ana faɗa, jagoransu Manjo Mash ya mutu da kibiya mai dafi, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada tare da fiye da mutum 600. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da waɗanda suka tsira har ƙasar Sudan, kuma garin Mai Wurno na nan a bakin kogin Nil, da zuriyarsu a ciki. In akwai mai jin mu daga can, muna gaishe ku gaisuwar zumunci.

[Kiɗan tambari]

To, me muka tsinta? Na farko, duk daular da aka ci daga waje a cikin labaran nan, sai da ta fara tsagewa daga ciki. Songhai ta yi basasa shekara uku kafin Tondibi, Kano ta yi tata shekara takwas kafin zuwan Morland. Shugaban da ya ɓata ƙarfinsa wajen murƙushe ɗan'uwansa, ranar da baƙo ya zo ba zai sami wanda zai tsaya a damansa ba.

Na biyu, raina abokin gaba ba shi da launin fata. Askiya ya raina 'yan tsirarun da suka fito daga hamada, Yunfa ya raina almajirai, Baratiyeri ya raina Habashawa, kuma dukansu ukun sun fi abokan karonsu wani abu da ake gani da ido.

Na uku, kuma shi na fi so ku riƙe: nasarar jiya ba ta tsare gobe. Habashar da ta yi abin alfahari a Adwa, a 1935 Italiya ta dawo mata da jiragen sama da iskar guba, ta mamaye ta shekara biyar. Dokin da ya riƙe daular Sakkwato ƙarni guda shi ne ya kai baradenta bakin bindiga. Kowace al'umma sai ta sake tambayar kanta a kowane zamani: abin da ya tsare iyayenmu, zai tsare 'ya'yanmu?

Ba don sha'awar yaƙi muke wannan bita ba. Kowane adadi da na karanta muku yau, bayansa akwai gwauraye da marayu da gonakin da ba a nome ba. Mu da muke zaune a yankin da har yanzu wasu ƙauyuka ba sa barci da ido biyu, mun fi kowa sanin haka. Muna yi ne don mu gane cewa adalcin shugaba ga talakansa, da rumbun da ke cike, da jituwa tsakanin maƙwabta, da ilimin abin da duniya ke ciki, su ne tsaron ƙasa tun kafin a zo ga soja.

Ina da roƙo guda. Kufan Surame da na Alƙalawa suna nan, filin Burmi na nan, ganuwar Kano kuma kullum raguwa take, ana ɗibar ƙasarta ana gini a kanta. Malaman makaranta, ku kai ɗalibanku su gani. Matasa, in akwai dattijo a gidanku da ya ji labarin zuwan Turawa daga bakin kakansa, ku zauna da shi a wannan mako, ku ɗauki muryarsa a wayarku, ku rubuta sunayen mutane da na wurare yadda ya faɗe su. Abin da kuka samo ku aiko mana, za mu karanta a wannan fili.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu leƙa Lugu a ƙasar Nijar, mu ji yadda Sarauniya Mangu ta tari rundunar Faransawa a 1899. Allah ya ji ƙan mazan jiya, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.  

[Taken rufewa]